Wasiƙa daga Ingila: maganinmu ɗaya, bakin ne ya bambanta

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, da kuma aiki. Tambayar da kika aiko mini ba ta amsuwa a saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta, na kuma sa amsar a fili don na san ba ke kaɗai ce ke neman ta ba. Kin ce in duba miki wane magani Turawa ke ba masu taɓin ƙwaƙwalwa wanda ba mu da shi, ko a samu hanyar turowa.

Kusan babu, Yaya. Da za ki buɗe ma'ajiyar magani ta ɗakin da nake aikin jinya, sunayen da kika sani za ki tarar: haloperidol, olanzapine, risperidone, amitriptyline, fluoxetine, lithium. Chlorpromazine da muke yi wa kallon tsohon yayi, wanda aka fara gwadawa a kan masu wannan ciwo a Paris a 1952, har yau yana cikin littafin magungunansu. Suna da 'yan sababbi, suna da allurai masu daɗewa a jiki wata guda ko fiye, kuma fargabar jabun magani ba ta damunsu kamar yadda take damunmu. Amma ba nan tazarar take ba. Abin da suka fi mu shi ne magana da majinyaci. Sun mai da ita aiki sosai: an ware mata lokaci, ana biyan albashi dominta, ana rubuta ta, ana auna amfaninta, kuma wanda ya yi sakaci da ita sai ya amsa tambaya.

Dalilin ba boyayye ba ne gare ki. Zazzaɓin cizon sauro a soki yatsa a gani, tarin fuka a kai kaki ɗakin gwaji. Tsananin damuwa kuwa, ko ciwon da ke sa mutum jin muryoyi da zargin ana binsa, wanda likitoci ke kira sikizofiriniya, babu jinin da za a ɗiba ya nuna shi. Ana gwajin jini a nan, wani lokaci a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, amma don a tabbatar ba wata cuta ce ta ɓoye a baya ba. Kayan gwajin likitan ƙwaƙwalwa tambaya ce da kunne. Su ma ba da wannan sanin aka haife su ba. A ƙarshen shekarun 1960 an yi wani bincike tsakanin asibitocin Landan da na New York, aka ga likitocin Amurka suna rubuta sikizofiriniya fiye da na Ingila nesa ba kusa ba. Har hoton bidiyon hira ɗaya aka nuna wa ɓangarorin biyu, kowa ya ba ciwon suna dabam. Da masu binciken suka bi majinyatan biranen biyu da tsararrun tambayoyi iri ɗaya, sai bambancin ya kusa ɓacewa. Ashe ba mutanen ne suka bambanta ba, yadda ake tambaya da yadda ake saurare ne. Irin wannan abin kunya na cikin abin da ya sa aka tsaurara ƙa'idojin gane ciwo daga 1980.

Ga yadda mai damuwa ke shiga hannu a nan. Kowa yana da likitan unguwa da ya yi rajista da shi a ƙarƙashin hukumar lafiya ta NHS, kuma ganinsa bai cika wuce minti 10 ba, don haka kada ki ɗauka aljanna ce. Sai dai tun 2008 suka buɗe wani sashe na maganin damuwa da fargaba ta hanyar tattaunawa, wanda masanin tattalin arziki Richard Layard da masanin halayyar ɗan Adam David Clark suka matsa wa gwamnati ta kafa. Yanzu ana kiransa NHS Talking Therapies. Ba sai likita ya tura mutum ba, da kansa zai cike takarda a intanet ko ya buga waya. Ƙa'idarsu ita ce kashi 75 cikin ɗari su fara ganin ma'aikaci cikin mako 6, kashi 95 cikin mako 18. Mutum sama da miliyan ɗaya ke shiga kowace shekara, kuma kusan rabin waɗanda suka kammala zamansu ana lissafa su cikin waɗanda suka warke.

Yadda suka san rabin ne ya fi burge ni. Kowane zama sai majinyaci ya amsa wata takarda mai tambaya 9 da ake kira PHQ-9: a mako biyun da suka wuce, sau nawa ka rasa sha'awar abin da ka saba so, sau nawa barci ya gagara ko ya yi yawa, yaya cin abinci, yaya gajiya, har zuwa ta tara, wadda ke tambayar ko ka ji gara ka mutu. Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, jimla 27. Wanda ya kai 10 ana ɗaukarsa mai buƙatar magani. Idan mako ya bi mako makin bai sauka ba, ma'aikacin da mai duba aikinsa sai su zauna su sake shawara. Ana tara alƙaluman ƙasar gaba ɗaya a wallafa, kowace cibiya ta ga matsayinta. Mu kuwa majinyaci ya daina zuwa, ba mu san ko warkewa ya yi, ko gajiya, ko kuɗin mota ne ya ƙare, ko an kai shi wani wurin an ɗaure.

Amma takardar nan tana da makanta, kuma a kan mutanenmu na fi ganin ta. Mutumin da ya taso a wajenmu ba kasafai yake cewa ransa a ɓace yake ba tare da dalili ba. Abin da zai faɗa shi ne kansa na zafi, wani abu na yawo a jikinsa, ƙirjinsa ya yi nauyi, zuciyarsa na bugawa, tunani ya yi masa yawa. Kin fi ni sanin matan da ke zuwa miki wata bayan wata da ciwon jiki, a gwada zazzaɓi a rasa, a gwada taifod a ba da magani, su dawo. Idan irinsu suka zo nan, likitan minti 10 zai aika su gwajin zuciya, sakamako ya fito lafiya lau, a sallame su. Idan kuma an miƙa musu takardar, sai su cike ta da sifili saboda tambayoyin ba su yi kama da abin da ke damunsu ba, ko don suna jin amsa gaskiya rashin godiya ne ga Allah. Ƙwararrun nan sun san da wannan, ana koyar da shi, amma sani dabam, samun lokacin zama a bi maganar mutum har gindinta dabam. Wanda ya iya aikin ba ya musanta zafin kan. Yakan ce a ba shi labarin zafin, yaushe ya fara, me ke ƙara shi, yaya barci tun da ya fara, wa ke gida. Kafin a jima, maganar da ba a zo da niyyar yi ba ta fito.

Har yadda ake jera kalmomin tambaya sun bincika. Wata mai bincike, Rose McCabe, da abokan aikinta sun naɗi hirar likitoci da majinyata, suka wallafa a 2017 cewa kusan uku cikin huɗu na tambayoyin da ake yi kan tunanin kashe kai an gina su ne yadda amsar da ake jira ita ce a'a. Irin "ba ka dai tunanin cutar da kanka ko?" Majinyaci ya ji inda likita ya karkata, sai ya bi shi. Yanzu ana horar da mu mu yi tambayar a miƙe, ba tare da kwana ba, mu kuma yi shiru mu jira. Na san abin da za ki ce, domin ni ma da shi na taso: kada a sa wa mutum abin da babu a ransa. An duba wannan ma. Masu bincike a King's College ta Landan sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi, suka wallafa a 2014 cewa ba a sami shaidar tambayar na ƙara tunanin ba, wasu ma sauƙi suke samu da aka tambaye su. Muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to a wannan ciwon fuska na iya yin ƙarya ƙwarai. Wanda ya riga ya yanke shawara wani lokaci shi ne mai fara'a a ɗaki.

Sai bayanin magani, wanda a ganina nan ne muke asarar mutane mafi yawa a gida ba tare da mun lura ba. A nan kowane kwalin magani da takardar bayani a ciki, da sunan mai shi da yadda zai sha a manne a jiki, kuma mai harhaɗa magani yakan zo ɗakin jinya ya zauna da majinyaci. Ana gaya masa tun farko cewa maganin damuwa ba ya aiki a rana ɗaya, yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, kuma kwanakin farko tashin zuciya ko rashin barci na iya riga amfanin zuwa. Ana gaya masa ya ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan ya ji sauƙi, kuma ba a yanke shi farat ɗaya. Mai shan haloperidol ana gaya masa da danginsa cewa wuya na iya sanƙarewa, harshe ya fito, idanu su juye sama, kuma akwai maganin da ke warware wannan cikin ɗan lokaci. Ki duba abin da ke faruwa idan ba a faɗa ba. Uwa ta kai ɗanta asibiti yana surutai, ta dawo da ƙwayoyi a ƙunshe ba suna, kwana biyu sai ga wuyansa ya karkace yana dalalar da miyau. Me za ta ce? Maganin asibiti ya ƙara masa ciwo, ko kuma abin da ke jikinsa ba ya son magani. Ba za ta sake komawa ba, kuma ba wauta ta yi ba, abin da idonta ya gani ta yi wa hukunci. Bayanin minti uku ne ya raba ta da asibiti.

Ranar sallama ma ba a rabuwa haka nan. A Jami'ar Manchester akwai cibiyar da ke bin diddigin kowane majinyacin ƙwaƙwalwa da ya kashe kansa a ƙasar, tun shekarun 1990, ƙarƙashin Farfesa Louis Appleby. Su suka nuna cewa makon farko bayan barin asibiti yana cikin lokuta mafi haɗari, kuma rana ta uku ta fi kowace. Saboda haka aka mai da shi ƙa'ida cewa duk wanda aka sallama sai an neme shi cikin awa 72. Dā kwana 7 ne. Bincike ya yi magana, hukuma ta ji, aka canja jadawalin aikin ma'aikatan jinya a faɗin ƙasa. Wannan hanyar da ke tsakanin mai bincike da mai tsara aiki ita ma sadarwa ce, kuma tamu a toshe take: a yi nazari a jami'a, a sami ƙarin girma, takardar ta kwanta a kabad.

Abin da nake so ki fi riƙewa shi ne wannan neman ba ya buƙatar na'ura. Wani likita a San Francisco, Jerome Motto, tsakanin 1969 da 1974 ya bi mutane 843 da aka kwantar saboda tsananin damuwa ko haɗarin kashe kai, waɗanda bayan sallama suka ƙi ci gaba da magani. Rabinsu ya riƙa aika musu gajeriyar wasiƙa, layi biyu ko uku, cewa ana tunawa da su, ana fatan suna lafiya, in suna so su rubuto. Ba wa'azi, ba roƙon su dawo asibiti. Wasiƙa 24 cikin shekara 5. A shekara biyun farko, waɗanda ke samun wasiƙa sun fi tsira da rayukansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada makamancin haka a Brazil da Indiya da Sri Lanka da Iran da Sin, a kan mutane sama da 1,800 da suka yi yunƙurin kashe kansu: zaman bayani na awa ɗaya, sannan a riƙa kira ko ziyara sau 9 cikin wata 18. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna kashi 0.2 cikin ɗari ne suka mutu ta wannan hanya cikin waɗanda aka bibiya, cikin waɗanda ba a yi wa wannan bibiya ba kuwa kashi 2.2.

Layukan waya kuma suna da yawa. Mafi tsufa shi ne na ƙungiyar Samaritans, wadda wani limamin coci, Chad Varah, ya kafa a Landan a 1953. Abin da ya tsaya masa a rai tun yana sabon limami shi ne jana'izar wata yarinya da ta kashe kanta don ta ga jinin al'ada ta ɗauka muguwar cuta ce, ba ta da wanda za ta tambaya. Yau ana buga 116 123 dare da rana, 'yan sa kai ne ke ɗauka, aikinsu saurare ne kawai. Tun 2024 kuma mai matsalar gaggawa a Ingila yana iya buga 111 ya zaɓi ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. Sai dai layin waya ba ya aiki inda mai kira ke tsoron kamu. Ingila ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka tun 1961, Ghana ta yi haka a 2023. Mu kuwa sashe na 231 na kundin hukunta laifuka na Arewa da sashe na 327 na kundin Kudu sun tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda. Haramcin abin a addini ba a jayayya da shi, kuma yana tsare mutane da yawa. Amma wanda ciwo ya kai shi bakin wannan rami, likita yake buƙata, kuma ba zai buɗe baki ga mai iya miƙa shi ga 'yan sanda ba.

Yanzu bari in zo inda ba na yarda a ce sun fi mu kai tsaye, wato iyali. A nan baligi shi ke da sirrinsa. Idan ya ce kada a gaya wa mahaifiyarsa komai, to ba za a gaya mata ba, sai in akwai haɗari babba. Na ga amfanin wannan: matar da mijinta ne ciwonta, yarinyar da wani na gida ya lalata, ba za su taɓa magana ba in mai laifin na zaune a gefe. A wajenmu mutum biyar ke shiga ɗakin likita, babban wa ya yi bayani, kawu ya gyara, majinyacin na kallon ƙasa, a rubuta magani ba a ji muryarsa ba. Wannan kuskure ne, kuma gyaransa bai wuce a ce kowa ya ɗan fita minti biyar ba. Amma na kuma ga uwa ta bugo waya tana kuka tana son sanin ko ɗanta ya ci abinci, ma'aikaci ya ce ba shi da izinin cewa komai. Dokar ba ta hana shi sauraren ta ba, tsoro ne ke sa wasu rufe ƙofa gaba ɗaya, kuma rahotannin binciken mace-mace sun sha nuna cewa dangi sun ga alamar, ba a saurare su ba. Ga kuma waɗanda ba su da kowa sam. Ƙasar da sai da ta naɗa ministar kaɗaici a 2018, kin san akwai magana. Akwai majinyatan da za su yi watanni a kwance ba wanda ya leƙo.

Abin mamaki, darasin da suke koyarwa yanzu kan sa dangi cikin jinya, ɗan Najeriya ya riga su aikata shi. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta a 1954: majinyaci ya sauka a gidajen ƙauyen da ke kewaye da asibiti tare da wani ɗan'uwansa, ya je magani da rana, ya kwana cikin mutane. Ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya ɗora a kai: a gwajin da aka wallafa a mujallar Lancet a 2020, a Ibadan da Kumasi, an haɗa ma'aikatan ƙananan asibitoci irinki da masu maganin gargajiya da masu addu'a suna duba majinyaci tare, kuma bayan wata 6 waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. Tunda can mutane ke fara zuwa, gaba da su ba ta ceci kowa ba. A Zimbabwe kuma Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti su yi zama 6 da mai damuwa. A sakamakon 2016, bayan wata 6 kusan kashi 14 cikin ɗari ne ke da sauran alamun damuwa, cikin waɗanda ba a yi wa zaman ba kuwa kusan rabi. Najeriya, ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, irin wannan hanyar ce tata.

Sai dai yawan dangi ba shi ne alheri ba sai an san abin da ake faɗa. Tun shekarun 1950 wani mai bincike, George Brown, ya lura a Landan cewa wasu masu sikizofiriniya da suka koma wurin iyaye ko ma'aurata sun fi saurin komawa asibiti. Da aka bi, sai aka ga yanayin maganar gidan ne: yawan suka, nuna ƙiyayya, ko kuma tsananin damuwa da mutum har a hana shi numfashi. A alƙaluman da masu bincike Vaughn da Leff suka fitar a 1976, cikin wata 9 ciwon ya dawo wa kusan rabin waɗanda ke irin wannan gida, a gidajen da ake sassauci kuwa kashi 13 cikin ɗari. Shi ya sa ƙa'idar jinya ta nan ta ce a yi wa iyali zama aƙalla 10. Ana koya musu cewa kwanciyar da yake yi har azahar ba lalaci ba ne, wani ɓangaren ciwon ne, wani kuma nauyin magani. Ana koya musu kada su yi gardama da shi kan muryoyin da yake ji, kada kuma su gaskata su. Ki tuna irin abin da ake ce wa mai irin wannan a gidajenmu, da sunan so: ka tashi ka nemi abin yi, ƙannenka duk sun wuce ka, raunin imani ne. Kowace ɗaya tana cikin abin da binciken ya ƙirga.

Inda tsarin nan ya fi ba ni haushi shi ne yadda yake yi da baƙar fata da baƙo. Alƙaluman gwamnati na nuna ana tsare baƙaƙe a asibitin ƙwaƙwalwa bisa dole, ƙarƙashin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983, fiye da ninki uku na farare. Dalilan suna da yawa, amma rashin fahimta na ciki: ana zuwa a makare, ta hannun 'yan sanda, a tsorace, mai ɗaga murya a rubuta shi mai haɗari, mai yawan ambaton Allah ko aljanu a rubuta shi mai ruɗu ba tare da an tambayi ko haka kowa ke magana a inda ya fito ba. A 2010 wani saurayi ɗan shekara 23, Olaseni Lewis, ya kai kansa asibiti, 'yan sanda 11 suka danne shi a asibitin Bethlem, ya mutu bayan 'yan kwanaki. Iyayensa ba su yi shiru ba har aka yi dokar 2018 da ke tilasta rubuta duk wani amfani da ƙarfi a ɗakunan jinya. Wanda aka tsare yana da haƙƙin a karanta masa haƙƙoƙinsa da baki da kuma a rubuce, a ba shi mai tsaya masa wanda ba ma'aikacin asibitin ba ne, ya kuma ɗaukaka ƙara gaban kotu ta musamman. Dokarmu ta lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ita ma ta ba majinyaci haƙƙin a sa shi cikin shawarar maganinsa. Nawa ne cikin ma'aikatanmu suka taɓa ganin ta, balle majinyata?

Tafinta kyauta ne a nan, kuma an hana a sa yaro ya fassara wa uwarsa. Amma tafintan Hausa ba shi da yawa, sau da yawa ta waya ake samunsa, kuma mutanenmu a kowane gari kaɗan ne, kowa ya san kowa. Mace za ta gwammace ta yi fama da guntun Turancinta da ta faɗi sirrinta ga muryar da wataƙila za ta haɗu da ita a taron suna. Tafintan da ba a horar ba kuma yakan gyara magana: majinyaci ya yi zance a wargaje, shi ya ɗinke shi ya miƙa wa likita a tsare, alhali wargajewar ita ce alamar da ake nema. Ga kuma son wasiƙa. Komai sai a aiko takarda ta gidan waya, da dogon Turanci, kuma a wurare da yawa in mutum ya rasa zama biyu sai a rufe fayil ɗinsa. Mai tsananin damuwa da ba ya iya tashi ya wanke fuska, shi ake jira ya buɗe ambulan.

Ta fuskar bincike, abu biyu nake so a kwaikwaya. Hukumar da ke ba da kuɗin binciken lafiya a nan, NIHR, tana neman mai nema ya rubuta taƙaitaccen bayani da harshen da kowa zai gane, ya kuma nuna yadda waɗanda suka taɓa fama da ciwon suka sa baki a tsara aikin. Tsofaffin majinyata na zama a kwamiti, ana biyansu, suna cewa wannan tambayar cin fuska ce, waccan ba ita ke damunmu ba. Na biyu, neman izini ba sa hannu kawai ba ne, sai an tabbatar mutum ya gane zai iya ƙi kuma ba za a hana shi magani ba. Mu da muka ga abin da gwajin maganin sanƙarau na 1996 a Kano ya jawo, da yadda rashin yarda ya kai ga ƙin rigakafin shan inna a 2003, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Babban binciken lafiyar ƙwaƙwalwa da Gureje ya jagoranta a farkon shekarun 2000 ya gano cewa cikin masu ciwo mai tsanani, ƙasa da ɗaya cikin goma ne suka sami wani magani a shekarar da ta gabata. Wannan adadi ya kamata a ce an ji shi a rediyo da Hausa har ya gundure mutane.

Rediyon ma da nasa nauyin. A birnin Vienna na Austriya, bayan an fitar wa 'yan jarida ƙa'idar ba da labarin masu kashe kansu ta hanyar faɗa wa jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1987, aka daina zuzutawa da bayyana hanya, abin ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu. A nan jarida ba ta cika fayyace yadda mutum ya yi ba, kuma takan sa lambar neman taimako a ƙarshen labari. Mu kuwa har sunan abin da aka sha da hoton gawa ake yaɗawa a Facebook da WhatsApp.

To Yaya, ba ni da kwalin da zan turo. Kina da rajistar da kike bin masu tarin fuka da masu awon ciki in sun daina zuwa. Ki buɗe shafi ɗaya ga masu wannan ciwon, da lambar majinyaci da ta mutum ɗaya da shi ya zaɓa da bakinsa, ba wanda ya rako shi ba. Wanda ya dawo daga babban asibiti, a kira shi kafin kwana uku su cika. Wanda aka fara wa magani, a kira shi a mako na biyu, lokacin da illar ta bayyana amfanin bai iso ba, don a nan ake yarwa. Jagorar mhGAP ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka rubuta domin ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, tana nan kyauta a intanet, zan aiko miki da ita ta waya tare da tambayoyin nan tara, ki gwada su da Hausar da matan ke yi miki magana da ita, ki gaya mini waɗanda suka ƙi zama. Ki gaida Inna da kyau, ki ce mata ina nan lafiya.